Ina son in buɗe gidan dabbobi marasa gata, Baba ya ce abin kunya ne

Wasiƙar wannan mako daga Tawa ta fito. Ga ta a taƙaice:

"Inna, ina gaishe ki da aiki. Shekaruna 24. Bara na gama karatun kiwo da lafiyar dabbobi a makarantar Kollo. Tun ina ƙarama ba na iya ganin dabba cikin wahala in wuce. Ina kallon bidiyon gidajen da ake tara karnuka da kyanwoyi marasa gata a Turai da Amurka, ana yi musu magani har a samo masu riƙonsu, kuma raina ya ba ni cewa aikina ke nan. Kakata ta bar mini ɗan fili a bayan gari, ina son in kewaye shi in fara. Baba ya ce ba da yawunsa ba: ɗiya mace da karnuka abin kunya ne, kuma babu ci a ciki. Ya samo mini gurbi wajen wani likitan dabbobi mai zaman kansa, in riƙa sayar da magani ina fita allurar garke. Yanzu haka akwai ƴan kwikwiyo huɗu da na ɓoye a zauren gidan su ƙawata. Wata guda ke nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da Baba. In bi zuciyata ko in bi shi?"

Ɗiyata, sau biyu na karanta wasiƙarki. Za mu zo kan maganar Baba, amma ƴan kwikwiyon nan huɗu su suka fara tsaya mini a rai, don na san zauren da suke ciki ko da ban taɓa taka shi ba.

Ina sabuwar ma'aikaciya a sarwis ɗin kiwo na tsinci ƴan kwikwiyo biyar a bayan mahauta, mota ta take uwarsu. Na kai su gida, na share tsohon akurkin kaji, na shimfiɗa musu buhu. Da asuba nake tashi in dama musu kunu da ɗan nono. Suka murmure, har suka fara bin ƙafata in na fito alwala. Sai wani yaro ya kawo mini na shida, a bola ya tsince shi. Yana da ɗan kasala, na ce yunwa ce, na jefa shi cikin ƴan'uwansa. Bayan kwana huɗu na tarar biyu sun ƙi kunu. Washegari amai, sannan zawo mai jini, da wani irin wari wanda hancin da ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Cutar parbo ce. Cikin kwana goma, ɗaya kaɗai ya rage. Ni da kaina na haƙa musu rami da hauya, kuma har yau in na tuna, na san hannuna ne ya kai musu ajali, hannun da ke dama musu kunun. Da na ware baƙon nan sati biyu shi kaɗai, da ƙila biyar ɗin sun rayu. Ƙwayar cutar kuma tana iya yin watanni a cikin ƙasa. Daɓen siminti ana wanke shi da ruwan jabel, amma turɓayar akurki ba ta wankuwa. Na fi shekara ban yarda wani kwikwiyo ya taka wurin ba.

Wannan shi ne abin da bidiyo ba ya nunawa. Masu aikin a Amurka sun daɗe da gane cewa kula da dabbobi masu yawa a gida ɗaya fanni ne mai zaman kansa. Likitocinsu sun kafa ƙungiya a kansa a 2001, suka fitar da ƙa'idojin aiki a 2010, suka sabunta su a 2022. In kika tace abin da ke ciki, za ki ga darasin da aka koya miki a Kollo ne kan garke: a ware baƙo, a yi rigakafi tun ranar shigowa, a raba mai ciwo da mai lafiya, kada a cunkusa. Kuma ginshiƙin duka shi ne kada gida ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, ƙarfin kuɗi, ƙarfin hannaye, ƙarfin wuri. Duk gidan da ya wuce wannan iyaka, dabbobin cikinsa sun fi na titi wahala, don na titi aƙalla yana iya guje wa mai ciwo ya nemi inuwa inda ya ga dama.

To ki zauna da alƙalami ki yi lissafin filin kakarki. Kare ashirin, ci sau biyu a rana, kowace rana, har ranar da ba ki da ko dala. Ruwan sha da na wanke daɓe a watan Afrilu na Tawa, lokacin da mutane ma layi suke da biduna. Allurar da dole ta zauna cikin sanyi. Wanda zai kwana da su in ke kin kwanta ciwo. Sannan tambayar da ta fi duka nauyi: ta wace ƙofa za su fita? Gidajen da kike gani suna tafiya ne saboda kowace rana wani yana shigowa ya ɗauki kare ya tafi da shi. A nan wa zai zo ya ce a ba shi tsohon kare mai ƙafa uku? Mai neman kare a wajenmu kwikwiyo yake so, kuma maƙwabci zai ba shi kyauta. Cikin wata uku gidanki zai cika, mutane su fara ajiye miki su a bakin ƙofa da dare, ke kuma zuciyarki ba za ta bari ki ce a'a ba.

Akwai kuma wani abu. Akasarin karnukan da kike gani suna yawo a unguwa suna da inda suke komawa: gidan da ke zuba musu ƙanzo, garejin da suke gadi, mahautan da suka saba da su. A daji kuwa karen makiyayi ɗan gida ne, kuma ke da kike Tawa kin san darajar karen Azawak a wajen Buzaye. In kika kwashe goma daga unguwa, muddin bola tana nan da abin ci, wasu goma za su maye gurbinsu. Dalilin da ya sa zuba guba bai taɓa rage karnukan wani gari na dindindin ba ke nan, sai dai ya kashe su cikin azaba, ya haɗa da ungulu.

Saboda haka shawarata ita ce: kada ki kewaye filin nan yanzu, kuma ki karɓi aikin da Baba ya samo miki. Ban ce ki binne abin da ke zuciyarki ba. Dabbobin da suke bukatarki ba za su iya zuwa gidan da kike son ginawa ba, ke ce za ki je inda suke, kuma aikin nan shi ne abin hawan da zai kai ki.

Ɗauki jaki. Gobe da hantsi ki je inda amalanke ke layin ɗaukar ruwa, ki ce wa wani ya ɗan ɗaga miki akumari. Za ki ga miki a doro, ja, mai ruwa, ƙudaje na binsa. Za ki ga wani a ƙirji inda igiyar leda ta ci fata, wani a gindin wutsiya. Da yawa za ki tarar an shafe su da baƙin mai na mota ko toka. Ta irin wannan miki cutar tetanos ke shiga, jaki ya sandare, muƙamuƙi ya kulle, ya mutu yana kallon ruwa. Jaki kuma dabba ce mai ɓoye ciwo, ba ya birgima ya yi ihu kamar doki. In kika ga ya sunkuyar da kai ya daina ci, abin ya riga ya yi nisa, kada ki ce a bari sai gobe.

Abin da zai warkar da wannan jakin bai kai jika ɗaya ba sau da yawa: ruwan gishiri mai tsabta a wanke mikin, a canja igiyar leda da faffaɗan ɗamara mai laushi, a sa matashin tsumman auduga da aka yi wa rami daidai inda mikin yake don kada ya taɓa, a gyara zaman tano a kan amalanke nauyi ya faɗa kan tayoyi maimakon bayan dabba, a ba shi ruwa da inuwa da tsakar rana. Amma yadda za ki yi maganar shi ne rabin aikin. Ranar da na ce wa wani mai amalanke "Malam, ba ka tsoron Allah?", ya ja jakinsa ya tafi, ban sake ganinsa ba, kuma jakin ne ya biya kuɗin bakina. Daga baya na koyi cewa, "Sannu da aiki, Malam. Kwana nawa ya yi da wannan? In ya kwanta sati guda, me gida zai ci?" Mutumin nan ba mugu ba ne, shi ma tun asuba ƙafarsa ke cikin rana, kuma jakin shi ne gonarsa. In kika gyara masa ɗaya ya ga ya warke ba tare da ya rasa aikin kwana ba, da kansa zai kawo miki abokansa biyar.

Jakin nan kuma ya zama abin da ƙasashe ke zama a kansa. A 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna waje, bayan da aka fitar da wajen 80,000 a cikin shekarar, alhali a shekarar da ta gabata 27,000 ne, duk saboda fatarsu da ake dafawa a haɗa wani magani a ƙasar Sin. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya. Kowane jakin da aka sace ko aka sayar saboda tsada, wata mata ce a ƙauye ta koma ɗaukar ruwa a ka.

Karnukan da kike so ma, babban alherin da za ki yi musu allura ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, sai dai addu'a. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, cutar tana rasa hanyar yaɗuwa. Ba labarin Turai nake ba ki ba: a Njamena aka gwada a 2012 da 2013, aka bi unguwa-unguwa ana yi kyauta, yara suna jawo karnukansu da igiya, aka wuce kashi 70, cutar ta yi ƙasa warwas a birnin. Tsoron haukan nan shi ne ke sa a jefi kare da dutse, shi ke sa a nemi a zuba guba. Ranar da uwa ta tabbata karen unguwa an yi masa allura, jifa zai ragu. Ki riƙe 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. In kika yi shekara guda kina aiki da gaskiya, za ki iya zuwa wajen likitan da kike yi wa aiki da sarwis ɗin kiwo da mai unguwa ki ce a ware yini ɗaya a unguwa ɗaya. Ki koya wa kowane yaro da ya zo cewa in kare ya cije shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita a ranar, ba a tsaya shafa komai ba.

Kada kuma ki raina allurar garke. Tsarin likitoci masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauyuka, wanda ake kira SVPP, tun farkon shekarun 2000 aka fara gina shi a ƙasar nan, kuma shi ke kai magani rugagen da motar gwamnati ba ta isa kullum. Cutar bushiya ta shanu, wadda kakanninmu suka ga ta share garke a bar makiyayi da sanda kawai, an shelanta ƙarewarta a duniya a 2011, kuma mutane irinki ne suka yi ta bin shanu da sirinji har aka kai ga haka. Yanzu ana son a ga bayan annobar awaki da tumaki zuwa 2030. A wannan aikin za ki koyi kama dabba ba tare da kin tsorata ta ba, ki koyi jin ciwo da tafin hannunki, ki tsaya kusa da likita ranar da zai buɗe tumbin tunkiyar da ta rame cikinta na kumbura, ki ga ana zaro leda da igiya a cure kamar ƙwallo. Ki tuna takardarki ta mataimakiya ce: fiɗa da wasu magunguna sai a ƙarƙashin likita. Ko gidan dabbobin kika buɗe, sai kin nemi likitan da zai tsaya miki, to ga shi Baba ya haɗa ki da ɗaya tun ba ki roƙa ba. In kuma karatun ya ci gaba da kiranki, makarantar likitocin dabbobi ta Dakar tana nan tun 1968, ƴan Nijar da dama can suka fito.

Yanzu maganar Baba. Abu biyu ya faɗa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Da ya ce babu ci a ciki, gaskiya ya faɗa, ya hango abin da ke ba ki hango ba. Da ya ce abin kunya ne, nan kam ban bi shi ba, ko da yake na san inda abin ke yi masa ciwo: bakin mutane yake ji, da ranar da dangin mai neman aurenki za su zo bincike a ce musu "ai ita ce mai karnukan nan". Ni ma an kira ni da wannan suna, kuma ya yi mini zafi. Amma addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ki lura da wannan na biyun, ɗiyata, don gargaɗi ne ga duk mai niyyar tsare dabba a bayan katanga. An halatta riƙe kare don gadin garke da gona da farauta. A mazhabar Imamu Malik kuma, wadda akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne.

Sai dai kada ki je gaban Baba kina jero masa hadisai, zai ji kamar ɗiyar cikinsa ta zo koya masa karatu. Ki samu gwaggonki ko kawunki wanda yake jin maganarsa, ku je tare bayan isha'i. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri kan wata gudan nan, don ko kina da gaskiya, gaba da mahaifi ba ta da riba. Ki ce kin karɓi aikin, ki gode masa. Ki gaya masa maganar ƴan kwikwiyon da bakinki kafin ya ji a waje. Sannan ki roƙi abu ɗaya tak: yini guda a sati, ki riƙa duba jakunan masu amalanke kyauta. Da wuya uba ya hana wannan. Maganar karnuka ki bar ta ta zo da ƙafarta. Ranar da wani dattijo ya tare shi a masallaci ya ce "Malam, ɗiyarka ta ceci jakina", ko maƙwabciya ta ce ke kika sa aka kai ɗanta likita da wuri bayan cizo, shi da kansa zai fara ba da labarinki.

Ki kula da jikinki. Ki nemi a yi miki allurar rigakafin haukan kare tun kafin wani ya cije ki, da ta tetanos. Kada ki sa hannu tsirara cikin dabbar da ta yi ɓari. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara, nan cikin jiharku, ya kashe mutum sama da 30, kuma taɓa jini da ɓarin dabbobi na cikin manyan hanyoyin kamuwa da shi. Safar hannu ta fi jinya araha.

Ki kula da zuciyarki kuma, don wannan ba a koyar da shi a lakwal. Akwai ranar da za a kawo miki jakin da ƙafarsa ta karye biyu, ko kare mai alamun hauka, kuma jinƙan da ya rage shi ne likita ya sauƙaƙa masa mutuwa. Za ki riƙe kansa, ki koma gida ki kasa cin tuwo. Masu taushin zuciya irinki su suka fi saurin ƙonewa a wannan aiki, wasu su bar shi, wasu zuciyar ta bushe su daina jin komai. Ki samu wadda za ki riƙa gaya wa irin wannan rana, kuma ki yarda tun yanzu cewa ba duka za ki ceta ba.

Ƴan kwikwiyon huɗu kuwa, daga yau kada ki ƙara musu na biyar, komai kukan da ya yi miki. Ki ba su maganin tsutsar ciki, a fara musu rigakafin parbo daga sati shida zuwa takwas da haihuwa a maimaita kamar yadda likita zai tsara, na hauka kuma in sun cika wata uku. Tun yanzu ki fara nema musu gida suna ƙanana, lokacin da ake son su: mai garka, mai gadi, makiyayin da ke shigowa kasuwa. Kowanne ki rubuta inda ya tafi, ki leƙa shi bayan wata guda. Zauren gidan mutane ba wurin ɓuya ba ne, kada ki jawo wa ƙawarki faɗa da iyayenta.

Filin kakarki ba zai gudu ba. In kika yi shekara biyu ko uku, hannunki ya faɗa, kin tara ɗan abin da kika tara, ki kafa rumfa a ciki, ki gina kwamin ruwa, da ɗaki biyu masu daɓen siminti inda dabba mai jinya za ta kwana uku ko biyar ta koma wajen mai ita. Ki sake rubuto mini bayan fitarki ta farko allurar garke, ina son in ji yadda kuka ƙare da Baba, da inda ƴan kwikwiyon suka samu gida. Ki gaishe mini da shi da kyau.